Dakoro da baje kolin Kano: zuwa da kai ya fi aike

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, lokacin da aka gama ɗaure dammunan hatsi, wake ya shiga buhu, sanyin hunturu ya fara saukowa daga arewa, ƙungiyar ƴan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, wadda aka fi sani da KACCIMA, takan buɗe kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa a filinta na titin Gidan Zu. Kasuwar takan yi wajen mako biyu tana ci, kuma an shafe fiye da shekara 40 ana yin ta. A Dakoro kuwa, idan aka ambace ta a gaban waɗanda suka yi lakwal, hukuncin da ake yanke mata bai cika sauyawa ba: hayaniya ce, tarkacen roba ne, ɓarnar kuɗin mota ce. Wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin waɗanda ke biyan kuɗinsa makiyaya ne da majema da mata masu cuku, waɗanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsu ba.

Adalci ne a fara da abin da masu sukar suka faɗa daidai. Wanda ya shiga filin baje kolin zai tarar da rumfuna bila adadin cike da bokitai da kwanoni da takalman roba da aka yo odarsu daga Sin. Zai ji lasifikar masu maganin gargajiya suna rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana warkar da cuta goma. Zai ga kamfanonin waya da bankuna sun kafa tantuna suna rabon riguna, yara suna layin hawa lilo, masu shinkafa da miya suna tsawwala farashi. Baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe ba su kai yawan da sunan kasuwar ke sa a zata ba, kuma kuɗin rumfa ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a idan shi kaɗai ne. Duk wannan gaskiya ce. Ma'aikacin da ya ɗauki albashinsa ya tafi Kano don ya sayo abin da babu a kasuwar Maradi, lalle zai dawo yana cizon yatsa.

Sai dai tambayar da ma'aikacin ya yi wa kansa, wato me zai gani kuma me zai sayo, tambayar ɗan kallo ce. Ƙasar Dakoro kuwa ba ƙasar ƴan kallo ba ce a sha'anin ciniki. Nan ne gona ta yi iyaka da makiyaya. Dokar da aka kafa a watan Mayu na 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma kwarin Tarka, wanda ya ratsa wannan ƙasa, shi ne alamar da kowa ya sani: kudu hatsi da wake, arewa shanu da raƙuma da tumaki. Abin da ke shiga kasuwannin mako na Dakoro da Sakabal da Kornaka, daga garken Fulani da Buzaye da rumbunan Gobirawa, kaɗan ne daga cikinsa ke kwana a nan. Bisashe ana kora su ko a loda su a manyan motoci su nufi kudu, su tsallaka iyaka. Wake yakan ƙare a Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta bakin Kano. Fata takan bi hannu zuwa hannu har ta isa majemar Kano. Kayan Dakoro sun daɗe da sanin hanyar Kano. Masu kayan ne ba su san ta ba.

A nan matsalar take. Makiyayin da ya kawo bijiminsa kasuwar Sakabal farashi ɗaya kawai yake gani a rayuwar wannan bijimi, shi ne na farko, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Dillali ya riƙe hannun mai saye a ƙarƙashin riga, a yi raɗa, a ce albarka sau biyu, a sallama, a cire la'ada. Daga nan labari ya yanke. Nawa aka sayar da bijimin a Jibiya, nawa a Wudil, nawa mahaucin Legas ya biya, nawa kirginsa ya zama bayan an jeme shi, duk wannan sirri ne na waɗanda ke tsakiya. Ba a ce dillali ɓarawo ne ba. Yana da aikinsa, shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi ne mai lamuni idan ciniki ya zama na bashi. Amma cinikin da ɓangare ɗaya ya san farashin ƙarshe, ɗayan kuma bai sani ba, ba a kan daidaito aka ƙulla shi ba.

Fatar jar akuya ta isa misali. Jar akuyar Maradi, wadda ƴar'uwarta ce ake kira jar akuyar Sakkwato a ƙetaren iyaka, tana da fata mai laushi da ƙarko wadda ta yi suna tun zamanin ayari. Fatake sun riƙa ɗaukar jemammiyar fatar ƙasar Hausa su ratsa Sahara da ita, daga arewacin Afirka ta shiga Turai, inda aka yi ta ɗaure littattafai masu daraja da ita. Turawa suka raɗa mata sunan ƙasar da suka karɓe ta daga hannunta, suka ce fatar Maroko. Wanda ya yi kiwo, da wanda ya jeme da bagaruwa, da wanda ya rina, babu sunan ko ɗaya a kanta. Ƙarnoni sun shuɗe, labarin bai sake ba: fata ta bar ƙauye ɗanya a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ta dawo jaka ko takalmi da tambarin wani, a kuɗin da mai akuyar ba zai iya biya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya ga shekarar 2005 a Dakoro, ko ta 2010, ya san inda wannan rashin sani ke kaiwa. A waɗannan shekaru tiyar hatsi ta hau sama, kuɗin dabba ya faɗi ƙasa, makiyayi ya riƙa sallama saniya a kuɗin da bai cika buhu ɗaya ba, domin idan bai sayar yau ba gobe mushe zai ja. Mai sayar da abu mai rai ba shi da ikon jira. Kilishi yana jira, cuku yana jira, jemammiyar fata tana jira shekara guda ba ta ce uffan ba. Duk wani mataki da aka ƙara wa kaya kafin su bar gida, iko ne aka ƙara wa mai su a kan ranar sayarwa da kuma farashi. Amma mutum ba ya sarrafa kaya don kasuwar da bai taɓa gani ba. Sai ya ga abin da ake so, da yadda ake naɗe shi, da abin da ake biya.

Za a ce, to ai Kano kullum kasuwa ce. Mai son ganin farashi ya je Kurmi ko Kantin Kwari ko Dawanau kowace rana ta Allah, ba sai ya jira baje koli ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta yadda waɗannan kasuwanni ke aiki. Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da sauran manyan kasuwannin birnin, kowace tana da ƴan gida. Baƙo yana sauka wurin mai masauki, mai masauki ya haɗa shi da dillali, dillali ya haɗa shi da mai sari. Tsari ne mai kyau wanda ya kare fatake shekaru aru-aru, amma tsari ne da ke tsayawa tsakanin mai yi da mai amfani. A baje koli kuwa, na ƴan kwanaki, wannan katanga tana faɗuwa. Matar da ta yi cuku da hannunta tana tsaye, matar da za ta ci shi tana gabanta, tana ɗanɗanawa, tana cewa gishiri ya yi yawa, ko ta tambayi dalilin da ya sa babu ranar da aka yi shi a jikin leda. Baduku yana ganin wace jaka ake ɗagawa a ajiye, wace ake ɗagawa a biya. Masu ƙera injunan niƙa da na matsar mai da na busar da kaya suna tayar da su a gaban jama'a. Mai son shigar da abinci naɗaɗɗe kantunan Najeriya zai ji tun daga bakin mai saye na farko cewa ana neman lambar hukumar NAFDAC a jikinsa. Wannan karatu ba a samun sa a littafi, kuma dillali ba zai koyar da shi ba, domin ba amfaninsa ba ne.

Wasu kuma da kishin ƙasa suke zuwa. Su ce Nijar tana da nata: ga SAFEM, baje kolin sana'ar hannu ta mata da ake yi a Yamai bayan shekara bibbiyu tun daga 2000, ga kuma SAHEL na noma da kiwo da aka fara a 2014. Madalla da su, kuma duk mai hali ya je. Amma kishin ƙasa ba ya gajarta hanya. Daga Dakoro zuwa Maradi kimanin kilomita 120 ne. Daga can a bi Ɗan Isa, a shiga Jibiya, a wuce Katsina, a isa Kano, duka tafiyar wajen kilomita 400. Yamai kuwa ta haura 600. Mutanen birnin Kano sun ninka na Yamai fiye da sau biyu, kuma abincinsu da suturarsu da harshensu irin na mai kayan ne. Ba ya bukatar tafinta, ba ya bukatar ya bayyana wa kowa mene ne kilishi.

Wannan hanya kuma ba baƙuwa ba ce. A farkon shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Abzin, ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina ya shiga Kano, ya tarar da birnin da tufafinsa ke kaiwa Tambutu da Tarabulus. Maradi kanta sarakunan Katsina ne suka mayar da ita mazauninsu bayan jihadi. Attajiran da Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansu a littafinsa na 1986 game da Alhazan Maradi, da gyaɗa suka fara, amma da cinikin iyaka suka ƙasaita. Iyakar da Faransa da Ingila suka ja a farkon ƙarni na 20 ta raba hukuma, ba ta raba kasuwa ba. Wanda ke ganin zuwa Kano cin amanar ƙasa ne, sai ya fara hana bijimai zuwa.

Akwai kuma masu jiran babbar kasuwar nahiya. A ranar 7 ga Yuli 2019, a Yamai, shugabannin Tarayyar Afirka suka ƙaddamar da yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar, wadda ake kira ZLECAf, kuma a wannan zama ne Najeriya ta sa hannu. Ba a cika wata biyu ba, a watan Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar har zuwa Maris 2024. Babban baje kolin ciniki tsakanin ƙasashen Afirka ya ci a Alƙahira a 2018, a Durban a 2021, a Alƙahira kuma a 2023, a Aljaza'ir a 2025; wuri ne na masu tikitin jirgin sama da masu lissafi da miliyoyin dalar Amurka. Ga mai jakar fata goma sha biyu da cuku kwando uku, nahiyar Afirka daga Jibiya take farawa. Idan bai iya sayarwa a Kano ba, babu takardar da shugabanni za su sa wa hannu da za ta sayar masa a Nairobi.

Ba za a ɓoye wahalar da ke cikin tafiyar ba. Ƴan bindiga sun addabi yankin Madarumfa da Gidan Rumji da Jibiya shekara da shekaru. Duk mai hankali da rana yake tafiya, cikin jama'a, bayan ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki. Shingayen jami'ai a ɓangarorin biyu suna cin lokaci da aljihu. Faɗuwar naira, a 2016 da kuma daga 2023, ta sa mai sayarwa da naira ya dawo da sefa kaɗan idan bai iya lissafi ba. Hukuma kan hana fitar da wasu kaya, kamar yadda aka hana fitar da hatsi a watan Oktoba na 2024, don haka dole a bincika abin da doka ta yarda da shi kafin a ɗaura kaya. Waɗannan dalilai ne na yin shiri da na ɗaga tafiya a shekarar da hanya ta ƙi. Mai sari da ke zuwa Sakabal kowane mako ta wannan hanya yake bi, da waɗannan shingaye da wannan naira, kuma bai daina zuwa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai riba a tsakani.

Yanzu sai a juyo kan waɗanda ke zuwa, domin su ma suna da nasu laifin, kuma su ne suka ɓata wa baje koli suna. Sanannen abu ne yadda ake haɗa tawaga zuwa irin waɗannan tarurruka: jami'ai a gaba da kuɗin guzuri, a ɗauki hoto ranar buɗewa, a zaga rumfuna, a wuce Kantin Kwari a yi wa iyali sayayya, a dawo. Idan aka tuna da mutanen karkara, to don ado ne. A ɗauko samarin Wodaɓe a ce su yi kwalliya su yi rawa, a ɗauko makaɗa, a tafa musu, a ba su na goro. Rawa ta ƙare, ciniki ya fara, su kuwa an mayar da su mota. Ƙungiyoyin raya al'adu da suka yarda da wannan rabo sun taƙaita al'ada ga abin da ake yi a dandali. Alhali saƙar tabarma al'ada ce, jima al'ada ce, sassaƙar ƙwarya da ɗinkin sirdi da yadda ake shanya cuku a kan tabarmar kara duk al'ada ce. Kuma al'adar da ba ta ciyar da mai ita, ɗansa ba zai gaje ta ba. Zai bar ta ya tafi Agadas ko Libiya neman kuɗi. Babu bikin shekara-shekara da zai raya sana'ar da ba ta da mai saye.

Malaman makaranta su ne ya fi kamata su gane wannan, domin rabin abin da ke hana kayan Dakoro shiga kanti aikin alli ne. Kaya suna bukatar suna, da takardar da ke faɗin abin da ke ciki, da nauyi, da rana, da lambar wayar mai su. Suna bukatar jerin farashi da rasiɗi. Wa zai rubuta, in ba ɗalibin kolej da malaminsa ba? Malamin Hausa da ke kukan cewa ɗalibai ba su ga amfanin darasinsa ba, ga amfani a fili: a rubuta takardar cuku da Hausa mai kyau, a san cewa harafin da Nijar ke rubutawa ƴ a Kano da waƙafi a gaban y ake rubuta shi, a san kalmar da Bakano zai gane da wadda za ta ba shi dariya. Malamin Faransanci ya rubuta ɗaya gefen don jami'in duwan da mai saye na Yamai ko Kwatano. Malamin lissafi kuwa ba zai samu aikin gida da ya fi wannan ba: mace ta ƙirga kuɗinta da dala, kowace dala tamma biyar, jika dala ɗari biyu, mai saye ya taya da naira, ɗan canji ya faɗi nasa farashin, a cire kuɗin mota da na rumfa da na masauki, a faɗi ko ta ci riba. Yaron da ya warware wannan ya tsare wa uwarsa jarinta.

Ba a ce a kwashi aji guda a kai Kano a tsakiyar zangon karatu ba, kuma ba a ce kowa ya kama rumfa ba. Abin da ake nufi ya fi haka sauƙi. Ƙungiyoyin mata da na dukawa da na makiyaya su haɗa kuɗi su tura mutum uku ko huɗu, masu sana'ar da kansu, tare da mai rubutu ɗaya. Shekarar farko ko rumfa ba sai an kama ba. A tafi da samfurin kaya, a zaga da littafi a hannu, a rubuta farashin kowane abu mai kama da na gida, a sayo ɗaya a kawo don a warware ɗinkinsa a gani, a karɓi lambobin masu sari da masu injuna. Idan aka dawo, a tara jama'a a ba da bayani dalla-dalla, a karanta shi a rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Tamajak. Shekara ta biyu a haɗu a kama rumfa guda, a rubuta sunan Dakoro a samanta da manyan haruffa. Idan aka dawo da rabin kaya ba a sayar ba, an dai dawo da sanin dalili, kuma wannan sani shi ne jarin shekara ta uku.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maradi, ta Katsina da Jibiya. Mutane da yawa suna yi masa kallon alheri tsantsa, sun manta cewa jirgi gaba da baya yake tafiya. Taragon da zai sauƙaƙa fitar da bijimi da wake da ɗanyar fata, shi ne zai sauƙaƙa shigo da takalmi da jaka da madarar gwangwani. Ƙasar da jirgi ya tarar ba ta da abin sayarwa sai ɗanyen kaya, zai ƙara mata saurin rabuwa da su ne kawai. Masu cewa baje kolin Kano hayaniya ce su ci gaba da zamansu a inuwa, babu mai tilasta musu. Amma su daina hana majemi da mai cuku zuwa su ga abin da guminsu ke zama a hannun wasu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a je da kaya a dawo da sani.